Ƙafafun Sabzo

Motar Dera ta sauke Haji Sobdar da baƙonsa da hantsi, kuma ba a jima ba duk ƙauye ya ji muryarsa. Ina gona ina gyara hanyar ruwa na ji ana ambaton sunan farar goɗiyarmu Sabzo, sai na yar da fartanya na ruga. Na tarar da ƙofar bargarsa cike da mutane. Turke yana nan, igiya an naɗe ta tsaf an rataye a ƙusa, Sabzo kuwa babu ita.

Haji ya fi kowa ihu, amma Sabzo ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙafa huɗu gare ta kamar kowace goɗiya, kuma kowace ƙafa da mai ita. Ɗaya tawa ce, gadon mahaifinmu. Ita ma in aka bi ta a hankali, cinya ce rabona, ƙannena mata biyu ke da gwiwa da kofato, shi ya sa ko yunwa za ta kashe ni ba ni da ikon sayarwa sai na taka ƙauyuka biyu neman izini. Ɗaya ta masallaci ce, wani tsoho da bai bar baya ba ya yi waƙafinta, limaminmu Mulla Rahmat ke riƙe da ita. In goɗiyar tana hannun masallaci, duk mai neman ungozoma ko mai magani sai ya kwance ya hau. Sauran biyun na gidan Haji ne. Kowace ƙafa tana ciyar da ita wata uku tana morar ta, in ta haihu a raba.

Kafin in gama haki an riga an kama ɓarayi uku da baki. Wasu suka ce makiyayan da suka sauka a tsallaken ƙorama ne. Wasu suka riƙa satar kallon baƙon Haji, wani dillalin dawakai mai suna Nawaz, wanda ya zo makon jiya ya buɗe bakin Sabzo ya ƙirga haƙoranta. Suka ce wa ya sani ko yaransa ya turo don ya samu kaya a banza. Wasu kuma ƙasa-ƙasa suka ce mai yawan ihu a bincike shi.

Sai Haji ya nuna ƙasa da sandarsa. Sawun takalmin taya ne, mai tsaga a dunduniyar hagu, ya shiga barga ya fito tare da kofatan goɗiya. Babu wanda bai san takalmin ba. Ni na saya wa ɗana Washdil shi a kasuwar Dera, ni kuma na yi faɗa ranar da ya tsaga shi.

Na ce ai kowa ya san yaron kullum da safe sai ya kai wa Sabzo mazarƙwaila, ko a gidan wa take. Haji ya ce ya sani, to yanzu ina yaron? Na juya na duba. Tun asuba babu wanda ya gan shi.

Sai azahar ya dawo, ƙura har gira. Saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ya fi ni tsawo, amma da na riƙe hannunsa a gaban mutane ji na yi kamar ranar da na kai shi makaranta. Na tambaye shi inda ya je.

"Ban saci komai ba, Abba."

Na ce ba abin da na tambaye shi ke nan ba. Ya sunkuyar da kai. Mai gari ya tambaye shi, Mulla ya tambaye shi, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Haji ya ce yaron da ya sha nonon gidansa, lokacin da uwarsa ke kwance ba lafiya, shi ne yau ya yi masa wannan sakayya. Ya kira shi ɓarawo a gaban kowa. Ya ce in motar gobe ta tashi Sabzo ba ta kan turkenta, da sunan Washdil zai shiga motar, kuma ba zai sauka ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda.

Na ga waɗanda suka kwana a wannan ofishi, na ga yadda suke tafiya in sun dawo. Ko da sun sake shi, wanda aka kira ɓarawon goɗiya a nan ba mai ba shi 'ya, kuma jikokinsa ma da sunan za a riƙa nuna su. Na roƙi a kawo kwanduna aka kife sawun, na ce zan je in ɗauko Sahibdad mai bin sawu.

*

Na biya gida in ɗauki rawanina. Matata Mahtab tana zaune tana tankaɗe gari, har da 'yar waƙa a hanci. Na gaya mata an ce ɗanta ɓarawo ne. Ta ce ta ji. Na ce gobe za a kai shi Dera. Ta ce gobe ta Allah ce, in zauna in ci gurasa tun da zafinta. Na tsaya ina kallon matar nan da na aura shekara ashirin da wani abu, wadda in yaron ya yi atishawa take tafasa ganye kala uku, na ce lallai tashin hankali ya taɓa mata kai. Na fita ban ci ba.

*

Sahibdad yana bukkarsa a gindin dutse, yana cire wa akuya ƙaya. Tsoho ne siriri, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya kalli fuskar mutum ba. Ƙafafuna ya gaisar.

"Mewa ne. Tun da aka haifa maka ɗa namiji ƙafarka ta dama take jan ƙasa."

Na so in faɗi abin da ya kawo ni a tsaye, amma ina. Sai da ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, ya ce in ba shi labari kamar yadda aka saba, tun daga rabuwarmu ta ƙarshe. Na ba shi a gurguje, ya ce na tsallake girbin alkama, in koma. Da na gama ya ba ni nasa: zawon da akuyarsa ta yi, tsadar gishiri, surukinsa da ya sayi rediyo ba ya kama komai sai Kabul. Ni kuwa rana nake kallo tana gangarawa. Sai da ya shanye kofi na uku ya ɗauki sandarsa.

A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ka san sana'ata. Abin da ƙasa ta faɗa mini shi nake faɗa wa dattawa. In ɗanka ta kira, ɗanka zan kira, ko da kai ka biya ni. Ka yarda?"

Na ce na yarda, Nako, don haka muke kiran dattijo a wajenmu. Bakina ne kawai ya faɗa.

*

A barga ya ɗaga kwandunan ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya daɗe, sannan ya fara tambayoyi yana kallon ƙasa.

Haji ya ce jiya ya tafi Dera ya kwana, yau ya zo da Nawaz don su ƙarasa ciniki. Ƙafafunsa biyu zai sayar, ya gaji da ciyawa, babur yake so. Wannan ne farkon jin maganar a wajena, na kuwa ji zafi, don in dillali ya riƙe ƙafa biyu, rabin shekara Sabzo za ta yi tana jan keken haya a Dera. Mulla Rahmat ya gyara tsayuwa ya ce shi dai ƙafar masallaci ba ta sayuwa har busa ƙaho. Haji ya ce ba wanda ya taya.

Sahibdad ya nemi Nawaz ya yi taku uku. Dillalin ya yi, cikin takalmansa masu tsini da sheƙi. Tsohon ya girgiza kai ya ce wannan bawan Allah ko rijiya aka aike shi sai an bi shi da jaki. Mutane suka yi dariya, Nawaz ma ya yi, ya ce ba a taɓa wanke shi da zagi mai daɗi irin wannan ba. Amma ya rantse bai turo kowa ba, kuma babu baƙon sawu ko ɗaya a bargar.

Sai Sahibdad ya tambayi wanda yake ba goɗiyar abinci in tana gidan. Haji ya ce mai ɗakinsa, Dur Bibi. Shi yana kanti, ina ya ga lokaci.

"Ka tambaye ta?"

"Me mace ta sani a kan doki, Nako?"

Na nuna wa tsohon wasu ƙananan sawu a gefen kwamin abincin, ya kawar da kai ya ce shi ba ya kallon ƙafar matan mutane a cikin gidajensu, shi ya sa ya kai wannan shekaru da haƙoransa.

*

Muka bi sawun mu biyu, ta bayan gari, ta makiyayar da duk ƙauye ke da haƙƙi a cikinta, muka nufi ƙorama. Kofatan Sabzo a dama, takalmin Washdil a hagu, ɓaro-ɓaro kamar an buga hatimi. Ban san lokacin da na fara matsawa gefen hagu ba, ina jan ƙafa.

"Mewa," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba, "koma dama. Ƙafarka tana sha'awar sawun ɗanka."

Na koma dama, kunya ta rufe ni.

Tafiyarsa ta ishe ni. Ya yi taku goma ya tsuguna, ya tsinci wani abu ya sa a bakin rawani. Inda hanya ta bi ta ƙarƙashin itatuwan ƙaya, sawun ya kauce ya zagaya, shi ma ya zagaya yana murmushi. Sau biyu muka tarar da inda goɗiyar ta tsaya a inuwa ta daɗe. Ni dai abin da na gani shi ne ɗana ya yi sata cikin kwanciyar hankali har da hutawa.

A bakin ƙorama sawun ya hau duwatsu. A tsallake kuwa babu abin da ya rage sai kofatan tumaki, dubbai, sun tattake ƙasa sun mai da ita gari. Daga nan hanya ta rabu uku.

Can na hango farin doki a ɗaure bayan tantin makiyaya. Na kama hannun tsohon na ce ga ta, Allah ya tona asirinsu. Na riga shi isa da gudu. Da na zagaya, sai na tarar da wani tsohon dandaƙaƙƙen doki mai ido ɗaya, ƙashin haƙarƙarinsa a waje, yana kallona kamar ina binsa bashi. Babban makiyayan ya fito ya tambaye ni ko saye zan yi.

Dole muka zauna, aka sake ba da labari tun daga farko, aka sha shayi da madarar tunkiya. Suka ce da hantsi suka tsallakar da garke ta mashigin nan, kamar yadda kakanninsu suke yi. Ƙasar ba tasu ba ce, amma hanyar tasu ce, kuma mai gari ya sani. Goɗiya dai ba su gani ba, suna bayan tudu.

Da muka fito na zauna a kan dutse na riƙe kai. Sawu ya mutu, kuma na ƙarshen da aka gani na ɗana ne. Sahibdad ya zauna kusa da ni ya tambaye ni ko Washdil ya iya hawa. Na ce tun yana shekara bakwai yake hawa ba sirdi, in ya saki linzami sai ka ce aljani, abin da ya hana ni ƙiba ke nan.

"To ɓarawon da ya iya hawa, ya samu goɗiyar da ta fi kowace gudu a ƙasar nan, me ya sa yake tafiya a ƙasa?"

Ya ce kofatanta sun nutse, da mutum a bayanta, kuma ba ƙaramin mutum ba. Yaron ja yake yi, yana kauce wa rassan ƙaya don kada su taɓa na sama, yana tsayawa a inuwa don na sama ya huta. Ya ce shi bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba.

Na ce to ai sun zama ɓarayi biyu ke nan. Ya yi tsaki. Ya kwance bakin rawaninsa ya zuba mini wasu busassun ɓarɓashi masu duhu a tafin hannu, ya tofa musu yawu, ya murza da yatsa, ya dunƙule mini hannun. Ya ce kada in buɗe sai mun shiga gari. Na tambaye shi wace hanya za mu bi cikin ukun. Ya ce ta gida.

*

Ana kiran magariba na buɗe hannu zan yi alwala. Tsakiyar tafina ya yi ja kamar na amarya. Na shinshina. Lalle ne.

Mahtab ta gani lokacin da take miƙo mini abincin dare, sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne ya zo mata a ƙarshe, na ce ta yi haƙuri. Ta tashi da sauri ta shige ɗaki.

Na zauna da Washdil a tsakar gida. Na lallashe shi, na yi masa barazana, na tuna masa ciwon ƙirjina. Na ce ya faɗa mini wanda ya hau, ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba. Ya dube ni da tausayi ya ce ni ko kaza na saya da arha sai an gane a fuskata tun daga bakin gari. Ya ce ya yi alkawari, in yi haƙuri zuwa gobe. Sannan ya cinye nasa abincin, ya tambaye ni ko zan ci nawa.

*

Washegari da safe mai gari ya tara mu a gindin itacen ƙofar masallaci. Haji yana zaune da sabuwar riga ta zuwa Dera, Nawaz a gefensa, Mulla Rahmat, babban makiyaya, ni da Washdil, da duk wanda ba shi da aikin yi, wato duk gari. Mata kuwa sun cika bakin rijiya a bayan katanga, ban taɓa ganin ana ɗiban ruwa shiru haka ba.

Sahibdad ya tsaya a tsakiya yana kallon ƙafafun jama'a. Ya sallami makiyaya, ya sallami dillali. Ya ce Haji ma bai taka bargarsa ba tun watan jiya, don haka a bar zarginsa. Sannan ya ce sawun na Washdil ne, shi ya kwance goɗiyar, shi ya ja ta har ƙorama.

Haji ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Tsohon ya ce a zauna, bai gama ba. Ya faɗi maganar mahayi, da rassan ƙaya, da inuwa. Sannan ya ce in ɗaga hannuna. Na ɗaga, gari ya kwashe da dariya, wani daga baya ya tambayi yaushe ne ɗaurin auren. Sahibdad ya ce wannan lalle ne, a cikin sawun goɗiyar ya tsince shi tun daga barga har ƙorama. Wanda ya hau Sabzo ma'abocin lalle ne, kuma yana ganin yana da haƙƙi a kanta, don ɓarawo ba ya naɗe igiya ya rataye.

Dariyar ta tsaya. A hankali idanu suka fara juyawa, ɗaya bayan ɗaya, har suka taru a kan gemun Mulla Rahmat, wanda ya sha sabon lalle ranar Alhamis, ja zur kamar garwashi. Mulla mutum ne mai jiki, kuma yana riƙe da ƙafa ɗaya.

Ya kama gemun da hannu biyu. Ya ce subhanallahi, shi da bai hau dabba ba tun da jakin Mewa ya kayar da shi a gaban ɗalibansa? Ya ce a tambayi duk wanda ya yi sallar asuba jiya wa ya ja ta. Wani ya ce bayan sallar fa? Mulla ya fara zufa. Biyu daga cikin dattawa masu jan gemu suka ja rawani suka rufe nasu.

Sahibdad ya bar shi ya ɗan dahu, sannan ya ce lallen ba daga gemu ya zubo ba. A ƙafar goɗiyar aka ƙunsa shi ya bushe, yana zuba tana tafiya. Kuma ba a ƙafa huɗu ba. A sawu ɗaya kawai ya same shi, na ƙafar hagu ta baya.

"Ta wace ce wannan ƙafa a cikinku?"

Mai gari ya yi murmushi ya ce Nako ya tsufa. Ƙafa ai rabo ne kawai, ɗaya cikin huɗu, ba wanda ya taɓa cewa wannan ce tawa. Ni kaina ban san wadda nake ciyarwa ba.

Amma Mulla ya saki gemunsa. Ya maimaita, hagu ta baya, hagu ta baya, sai ya buga cinya. Ya ce shi ya ɗaura auren Haji Sobdar, yana sabon limami. Sadakin kuwa ƙafa ɗaya ce daga cikin ƙafafun uwar Sabzo. Uban amarya kuwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai barkwanci, ya ce ba zai karɓi ƙafar da ba a ambata ba, a ba 'yarsa ta hagu ta baya, don da ita goɗiyar take harbi. Aka yi dariya, aka shafa fatiha a kan haka. Kuma kowa ya sani, in uwa ta mutu ƙafa tana komawa kan 'yarta.

Haji ya ce wannan tsohuwar magana ce, wasa ne na ranar biki, kuma abin matarsa ai nasa ne. Mulla, da ya ga wuta ta bar gemunsa, ya samu murya. Ya ce sadaki ba wasa ba ne, kuma ba na miji ba ne, ko allura ce.

Sai aka ji an ajiye tulu a bayan katanga.

"Waja mai gari, ranka ya daɗe, a ba ni izini."

Muryar Dur Bibi ce. Mai gari ya ce ta yi magana, 'yar'uwa.

Ta ce sau nawa ta gaya wa Haji ƙafar tata ce, yana dariya yana cewa ta je ta ɗora shayi. Shekara da shekaru ita ke yankan ciyawa, ita ke kwashe kashi, ba ta ce komai ba tunda goɗiyar tana gida. Sai ta ji ana cinikin ƙafa biyu ta tagar kanti. Jiya watan Haji na uku ya cika, nata ya kama. Ta ƙunsa wa ƙafar goɗiyar da take tata lalle don duk mai ido ya gani, ta sa Washdil, ɗanta da ta shayar, ya kai ta gidan yayanta Bahar Khan, ta bar kayanta a can ta dawo da ƙafa tare da masu itace. Ita ta sa yaron ya rantse.

Haji ya juya wajen katanga ya ce to me ya hana ta faɗa tun jiya, ta bar shi yana ihu a gari?

"Ka tambaye ni?"

Bayan katanga aka fashe da dariya, na kuwa tsinkayi ta Mahtab a sama da ta kowa. A nan na gane duk macen da ke ƙauyen ta sani tun jiya da safe, har da surukata kurma. Dur Bibi ta ƙara da cewa da a ɗaki ta faɗa, da dariya zai sake yi. So take a faɗa a gindin itacen nan, da bakin wanda ya ɗaura. Ta ce Mewa ya yafe mata kwana ɗayan da ta ci masa, da ta ga an nufi mota da yaron da ita da kanta za ta tare hanya.

Na ce na yafe. Wallahi a lokacin ko jakina ta nema da na ba ta.

*

Dattawa ba su daɗe ba. Suka ce ba a yi sata ba, mai abu ta ɗauki abinta a lokacinta. Amma an kira yaro da mugun suna a bainar jama'a, don haka Haji zai yanka rago a gasa wa gari, kuma shi zai je ya dawo da goɗiyar, in mai ƙafa ta yarda. Dur Bibi ta ce ta yarda, sai dai yayanta ba zai miƙa ragama ga kowa ba sai Haji da kansa. Shekara biyar ke nan ba sa gaisawa saboda rigimar ruwan gona.

Nawaz ya tashi ya kama hanyar mota. Haji ya ce masa ai har yanzu akwai ƙafa ɗaya ta sayarwa. Dillalin ya ce shi ba zai haɗa dukiya da masallaci, da ƙannen Mewa biyu, da wannan baiwar Allah ta bayan katanga ba, ko kyauta aka ba shi.

Na kai wa Sahibdad ɗan akuya, ladan aikinsa. Ya duba kofatansa ya ce ya karɓa. Washdil ya raka ni, a hanya ya tambaye ni, wai na ɗauko tsohon ne don ya wanke shi, ko don ni ma in sani? Na ce na ɗauko shi ne don in iya cin abinci. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

Bayan azahar Haji da Washdil suka tafi ɗauko Sabzo, su biyu a ƙasa. Kafin su tashi Haji ya tsaya a ƙofar gidansa, ya rage murya, ya tambayi matarsa ko zai iya hawowa in za su dawo, saboda gwiwarsa. Ta ce wata ukun nata ne, kuma ɗanta kawai ta ba izini; shi ya jira zagayowar nasa.

Rana na shirin faɗuwa duk gari ya fito bakin makiyaya, ƙamshin rago ya cika ko'ina. Sai ga Sabzo ta ɓullo daga ƙorama, fara fat, ƙafa ɗaya ja har gwiwa, Washdil a kanta yana zaune kamar sarki. Can a baya Haji Sobdar ne, sabuwar rigarsa ta yi butu-butu, takalmi a hannu, yana ɗingishi yana ɗaga murya yadda har na bakin rijiya suka ji.

"Washdil, ɗan albarka, ɗan mutanen kirki, don Allah sassauta mata in iso."